Auren itatuwa: a sa wuƙa yanzu da bazara, ko a jira saukar ruwa?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema. Ina da 'yan mangwaro na gida da na shuka a leda bara da damina, yanzu kaurinsu ya kai na ƙaramin yatsa, kuma so nake in yi musu aure, wato in ɗaura musu reshen mangwaron nan da ake kira Kent. Duk bidiyon da nake kallo a YouTube na mutanen Faransa da Amurka, cikin Maris da Afrilu suke aurar da tuffa da sauran itatuwansu, wai lokacin ne ruwan jikin itace ke tashi. To ga Maris ya kama. In sa wuƙa yanzu ko in dakata? Sannan akwai wanda ya taɓa gwada almon ko walnat, itatuwan nan masu ƙwaya, a ƙasar nan?

Baba Mai Garka, Jiratawa:
Wa alaikumus salam ɗana. Aje wuƙarka tukuna. Wanga wata na ban ruwa ne da neman inuwa, ba na yanka ba. Hita da hantsi ka tsinko ɗan reshen mangwaro ka aje shi bisa katanga, ka dawo bayan azahar ka duba shi. Abin da ka tarar, shi zai samu reshen da ka ɗaura ma gindinka. Mu nan sai ruwa ya sauka, ƙasa ta sha, iska ta yi laushi, sannan muke taɓa mangwaro.

Malamin Gona:
Maganar Baba ita ce, amma bari in faɗi dalili, don Turawan nan ba ƙarya suke yi ba. Gaskiyar ƙasarsu suke faɗi.

A can, tuffa da ire-irenta barci suke yi da hunturu. Ganye ya zube ƙaf, itace ya tsaya cak. Cikin wannan barcin, wajen Disamba zuwa Fabrairu, mai lambu zai yanko rassan da yake so, ya naɗe su ya sa a firij. In Maris ko Afrilu ya zo, gindin da ke ƙasa ya farka, ruwa ya fara hawa, shi kuwa reshen firij har yanzu barcinsa yake. Sai a haɗa su. Kafin reshen ya farka ya buɗe ido ya nemi ruwa, miki ya riga ya haɗe. Ga iska mai sanyi-sanyi, ga danshi. Wannan ne sirrin lokacin nasu.

Mu kuwa mangwaronmu ba ya barci irin wannan, ba ya zubar da ganye gaba ɗaya. Reshen da ka yanko a farke yake, yana zubar da ruwan jikinsa tun daga minti na farko. Abin da ke haɗa gindi da reshe wata 'yar siririyar fata ce mai santsi tsakanin ɓawo da ƙashin itace. Ita ce ke tofo sabon nama a ɓangarorin biyu har su manne, kuma ta fi aiki in zafi yana wajen digiri 25 zuwa 30, da danshi. Afrilu da Mayu a Maraɗi zafin rana yana kai 40 har ya wuce, iska kuma a bushe. Fatar nan in ta bushe ta mutu, ba ta dawowa. Saboda haka abin da ya yi daidai da lokacinsu a wajenmu shi ne shigowar damina, daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba.

Na Tibiri:
Malam, Allah gafarta, ban yarda da ku duka ba. Ni ina sayar da dashe, kuma in na jira Yuli kafin in yi aure, me zan sayar wa mutane cikin Yuli ɗin? Lokacin kowa ke neman dashe. Ni a ƙarshen sanyi nake yin nawa, ƙarƙashin rumfar zana, in sa wa kowane reshe hular ledar ƙanƙara, in yayyafa ruwa a ƙasan rumfar safe da yamma. Suna kamawa. Kuma Agustan da kuke yabo, ita ta fi kashe mini aure. Ruwa ya shiga ɗauri, bayan mako ka kwance ka tarar baƙi ƙirin, yana wari.

Baba Mai Garka, Jiratawa:
Ƙarshen sanyi ka ce, ƙanena. Yaron ga cikin Maris yake tambaya, kuma ba shi da rumfa irin taka, ba shi da hannunka. Kai in ka yanka, kahin mutum ya ƙihta ido ka ɗaure. Shi zai tsaya shina gwadawa shina gyarawa, mikin na buɗe ga iskar bazara. Ruɓewar Agusta kuwa ɗauri ne. Wanda ya fara naɗi daga sama ya gangaro, ya yi ma ruwa hanya.

Na Tibiri:
Baba ban musa batun ɗauri ba. Amma ko ɗaurin ya yi kyau, in aka jera kwanaki ana ruwa ba rana, cuta tana faɗa wa sabon toho. Na gani ba sau ɗaya ba.

Malamin Gona:
Wannan gaskiya ne, cutar baƙin tabo ta fi ƙarfi a tsakiyar damina, kuma sabon tohon mangwaro take fara kamawa. Shi ya sa ni na fi son farkon damina da kuma Satumba, in ruwa ya fara ja baya amma iska ba ta bushe ba. Na Tibiri, hanyarka tana yi ga mai rumfa da ruwa, ban hana ba. Abu biyu kawai zan ƙara. Hular leda a inuwa tana riƙe danshi, amma in rana ta same ta kai tsaye dafa reshen take yi. Na biyu, daga Janairu zuwa Maris mangwaro fure yake yi ko yana ɗauke da 'ya'ya ƙanana. Idon da ke kan reshe sau da yawa na fure ne. Ka ɗaura shi, ya kama, sai ka ga ya fito da fure maimakon ganye, ƙarfinsa ya tafi a banza. Wannan kaɗai ya isa mai koyo ya dakata.

Ɗan Bagalam:
Na gode iyayena, na dakata. Baba don Allah in ba damuwa, a bayyana mana yadda ake yankan da ɗaurin, tun da akwai lokacin koyo.

Baba Mai Garka, Jiratawa:
To saurara. Aikin ba ranar aure yake farawa ba, tun kamar kwana 10 kahin nan. Ka tahi ga iccen da kake so, wanda ka ci ɗiyanshi da bakinka, ba wanda anka ba ka labari ba. Ka zaɓi ƙarshen reshe wanda ya ƙosa, ganyenshi ya yi kore shar mai duhu, ba jan toho ba. Ka yanke ganyen da almakashi ka bar 'yan karan ganyen a jiki, tsawon reshen kamar taƙi ɗaya. Ka bar shi bisa uwarshi. Bayan mako ko ɗan fiye ka dawo ka taɓa karan nan da yatsa, za su zube da kansu, idon da ke tsini kuma ya kumbura kamar zai fashe. To ya yi. Da sassafe ka yanko, ka naɗe cikin tsumma mai danshi.

Gindi kuma ka shayar da shi sosai kwanakin da sunka gabata. Ka bar kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, wurin da ɓawo ya fara barin kore shina komawa ruwan ƙasa. Nan za ka feƙe gefe guda, tsawon gaɓa biyu na yatsa, ka ɗauke ɓawo da ɗan ƙashi kaɗan, ka bar ɗan leɓe a ƙasa wanda reshen zai zauna a kai. Shi ma reshen ka feƙe shi tsawo ɗaya, da ja guda. Ja guda na ce. Wuƙar da ke komawa sau ukku tana barin tudu da kwari, kuma inda duk iska ta samu wurin zama, nan ba ya kamawa. Bayan reshen ka yi mishi 'yar gajerar fiƙa ya shiga leɓen.

In ka manna, kada ka dubi tsakiya, dubi gefe. Ɓawo ya hau ɓawo. In reshen ya fi gindin siranta, tura shi gefe ɗaya ya daidaita ko da ɓangare guda ne. Kada yatsanka ya taɓa mikin. Ledar ɗauri ka yanka ta doguwa, faɗin yatsa biyu, ka fara daga ƙasa kana hawa, kowane zagaye ya rufe rabin na ƙasanshi, kana ja da ƙarfi. Haka ruwa zai gangara ta waje.

Kan gindin kada ka sare shi ranar. Bar mishi ganye shina jawo ruwa. Mako ukku zuwa huɗu za ka ga ido ya buɗe. Sai ka rage kan, in sabon ganye ya ƙosa ka sare sauran dab da wurin auren. Leda kuma a kwance ta wajen wata biyu, in ba haka ba ta shaƙe icce. Duk tohon da ya hito ƙasa da aure, cire shi ranar da ka gan shi.

Daga nan har ruwa ya sauka, ka samu rassan bedi ka yi ta feƙewa kana haɗawa. Hannu ake koya ma, ba kai ba.

Malamin Gona:
Ba abin da zan ƙara sai tsabtar wuƙa. A goge ta da alkol ko ruwan jabel tsakanin itace da itace. Wanda ba shi da wuƙar aure, sabuwar reza ta fi tsohuwar wuƙar ɗaki. Sannan in ɗan dashe ya yi fure a shekara ta farko ko ta biyu, a tsinke furen, a bar shi ya yi jiki.

Hajiya Mai Lemu:
Sannunku da ƙoƙari malamai. Ni ƙorafi gare ni. Shekarun baya na sayi dashen mangwaro da lemu wajen wani mai sayarwa a bakin hanya, kowanne da ledarsa a ɗaure, ya rantse mini duk masu aure ne, na biya kuɗin masu aure. Na yi ta ban ruwa, da kuɗin famfo da komai. Da mangwaron ya tashi haihuwa sai ga ɗan ƙarami mai zare. Lemun kuwa ƙaya ce kawai yake yi, har yau bai ba ni ko ɗaya ba. Ashe ɗan karta ɓawon ya yi ya naɗa leda. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don shekarun ne ba su dawowa. Yaya mace irina za ta gane na gaskiya?

Na Tibiri:
Hajiya Allah ya huci zuciyarki, irin waɗannan su ke ɓata mana sana'a. Kada ki sayi wanda ledarsa ke ɗaure har yanzu. Ki ce a ba ki wanda aka kwance, ki ga tabon da idonki. Auren gaskiya yana barin ɗan kumburi da karkata, ɓawon sama da na ƙasa ba su zama launi ɗaya, kuma za ki ga inda aka sare kan gindin. Reshen sama ya zama ya yi toho hawa biyu, ganyen ya ƙosa. In lemu ne, ki murza ganyen sama ki sansana, in akwai tohon ƙasa shi ma ki murza. Ƙamshin tanjalo daban, na gindin lemun daji daban. Kuma ki tambaye shi ina uwar da ya yanko reshen take. Mai gaskiya zai nuna miki.

Malamin Gona:
Hajiya, lemun nan naki kada ki tone shi. Shekarun ba su tafi duka ba, don saiwarsa ta riga ta kafu. Lemun da ya fito daga ƙwallo haka yake, ƙaya da jinkiri. Da damina a rage masa rassa, in ya yi sabon toho a sa masa ido. Shi lemu ba sai da reshe ba, ido ɗaya ake ɗaukowa da 'yar fatar ɓawonsa, a tsaga ɓawon gindi tsaye da kwance, a ɗaga leɓɓan a zura idon a ɗaure. Sharaɗin shi ne ɓawo ya riƙa saɓulewa cikin sauƙi. In kin sa farce ya ƙi tashi, lokaci bai yi ba, a ƙara ruwa a jira. Haka mangwaron, ana iya mayar da shi Kent ko wani.

Tun da lemu muke, wurin aure ya kasance sama da ƙasa da kamar santimita 25 zuwa 30, kuma wajen dasawa kada a binne shi. Cutar nan da ke sa gindin lemu zubar da ƙaro har ɓawo ya ruɓe, daga jiƙaƙƙiyar ƙasa take hawa. A yi wa gindi 'yar ganuwa, ruwa ya zagaya ta waje, kada ya kwanta a jikinsa.

Ɗalibar Jami'a:
Baba da Malam, a ba ni dama in taɓa tambayar almon da walnat da aka bari. Su ma irin tuffa ne, sai sun sami ɗaruruwan awoyi na sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 7 kafin idonsu ya buɗe daidai su yi fure. Hunturunmu yana da sanyin asuba, amma da hantsi ya ɗaga shi ke nan, ba ya taruwa. Aure ba ya sauya wannan buƙatar, don reshen halin uwarsa yake ɗauka. Mai son itace mai ƙwaya a nan, yazawa ta fi kusa. Asalinta daga Burazil ne, tana son rairayi, amma ta fi jin daɗi inda ruwan sama ya fi namu, shi ya sa Kodebuwa da Benin suka yi nisa a nomanta. Mu da muke samun milimita 500 ko kusa da haka a shekara, sai da ban ruwa. Ana yi mata aure tun tana 'yar wata biyu, a tsaga kanta mai laushi a soka reshe.

Kuma muna da tamu a daji, ɗanya. Ƙwayar cikin ƙwallonta ana ci, tana da mai. Ita akwai namiji akwai mace, in ka shuka ƙwallo sai bayan shekaru za ka san wanda ka samu. In ka ɗauko reshe daga macen da ka sani, ka huta da wannan jiran. Kuka da tsamiya ma suna karɓar aure, kuma yana rage musu shekarun jira sosai.

Direban Agadas:
A Timiya cikin duwatsun Ayar na ga lemu da rumman da inabi, abin sha'awa. Amma can tudu ne, sanyinsu ba irin namu ba. Tambayata dabino. Ina da guda a gida, namiji ya fito. Za a iya ɗaura masa mace?

Malamin Gona:
A'a yayana. Dabino da goriba da giginya ba su da waccan fatar ta ƙarƙashin ɓawo, don haka ba abin da zai haɗe. Dabino ta 'ya'yan da ke fitowa a gindin uwa ake yaɗa shi. Nemi ɗan gindin mace mai kyau ka dasa kusa, namijin naka ya yi maka amfani wajen barbara.

Wani ɗan'uwa daga Madarunfa:
Malamai ku yi haƙuri, wani abu ke damuna. Wannan haɗe-haɗen ba ya shiga cikin sauya halittar Allah?

Liman na Unguwa:
Tambaya ce mai kyau ɗan'uwa. A iya fahimtata, ba wata sabuwar halitta da ake yi. Gindi yana nan yadda Allah ya yi shi, reshe ma haka, ɗan da zai fito irin na uwar reshen ne sak. Kuma mangwaro ba ya kamawa a kan lemu, kowane sai danginsa, iyakar da Mahalicci ya sa tana nan. Ku tuna hadisin da ke cikin Muslim a kan barbarar dabino a Madina, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa manoma su suka fi sanin al'amarin duniyarsu. Wallahu a'alamu.

Na Dakoro:
Tun ɗazu ina karantawa ina jin kamar zauren na masu gulbi ne kaɗai. Ku kuna da fadama da rijiya kusa. Mu nan arewa ruwa na da zurfi, wanda za a sha ma da ƙyar. Mu ba mu da rabo cikin wannan ilimi ke nan?

Malamin Gona:
Kuna da shi, kuma a ganina naku ya fi na kowa armashi. Akwai magarya a gonarka?

Na Dakoro:
Ita ce ma ta dame mu. Kowace shekara sai mun sassabe ta.

Malamin Gona:
To daga bana kada ka ƙone ta. Wannan kututturen saiwarsa ta yi shekaru tana nutsawa, ta kai inda ba wani dashen leda da zai kai. Akwai magaryar Indiya da ake kira pom-di-Sahel, wadda cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yaɗa a ƙasar nan. Irinta akwai Gola, Umran, Seb, Kaithli. Jinsinsu ɗaya da tamu, sai dai ɗanta ya ninka na tamu sau da yawa, ga nama, ana cin sa ɗanye yana ƙaras-ƙaras. In aka ɗaura ta a kan tsohon gindi, sau da yawa a shekarar farko ma tana ba da 'ya'ya.

Kuma ga inda bazara ke da aiki. Ita magarya da zafin nan take hutawa, ta zubar da ganye. Cikin Afrilu zuwa Mayu ka sare ta ƙasa-ƙasa. Za ta fito da toho da yawa. Ka zaɓi biyu ko uku miƙaƙƙu, ka cire saura. In ruwa ya sauka suka kai kaurin ƙaramin yatsa, ka tsaga ka soka reshe, ko ka sa ido. Sara da bazara, aure da damina.

Wannan ɗori ne kawai a kan abin da manoman jiharmu suka riga suka iya. Sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona ana gyara shi ya zama itace, ai a nan ƙasar Maraɗi ya kafu tun wajen 1983, lokacin aikin Tony Rinaudo da manoman ƙauyuka, har duniya ta zo tana koyo. Wanda ya iya zaɓen toho ya yi rabin aikin.

Inna ta Safo:
Malam tsaya, ina da magana. Kar ku sa maza su bi gonaki su sare magarya duka su mayar da ita ta Indiya. Tamu ƙarama ce amma tana bushewa, mu tara a buhu, ta kai mu har wata damina. Da ita muke akuri, yara na ci, muna kaiwa kasuwa. Waccan babbar na saye ta na ci, da daɗi, amma kwana kaɗan ta yi laushi, kuma in ka fasa wata sai ka ga tsutsa. Abin da ba ya ajiyuwa ba ya raba mace da yunwar bazara.

Baba Mai Garka, Jiratawa:
Inna ta faɗi gaskiya. Haka munka gani ga mangwaro. Mutane sunka bi Keitt don girman ɗiyanshi, alhali shi na ƙarshe ne wajen nuna, shina kaiwa cikin damina, lokacin da ƙudan nan mai sa tsutsa ya fi yawa. Rabin kaya a ƙasa. Ni garkata akwai mai saurin nuna irin Amelie, akwai Kent, kuma na gida ma ban kashe ba. In babu na gida ina za a samu gindi? Ƙwallonshi shi ke hito da tsiro biyu ukku masu halin uwa, ya san ƙasarmu. Ƙwallon Kent in ka shuka, wani abu daban zai ba ka.

Ɗalibar Jami'a:
Ƙudan da Baba ke nufi baƙo ne daga Asiya. A 2003 aka fara ganinsa a Kenya, cikin 'yan shekaru ya iso Afirka ta Yamma. Tsutsar tana fita daga ɗan da ya faɗi ta shiga ƙasa ta zama sabon ƙuda. Tsince abin da ya zube kullum, a ƙulle a baƙar leda a shanya a rana ko a binne da zurfi, yana rage shi sosai, musamman in maƙwabta sun yi tare. Kent da Keitt kuwa daga Fulorida ta Amurka suka fito, ba don yanayinmu aka zaɓe su tun farko ba.

Malamin Gona:
Inna na karɓa. Ban ce a mayar da duka ba. Wanda ke da gindi goma ya aurar da biyu ko uku na kusa da gida, inda ido zai kai, sauran a bar su. Dama mai auren tana son kulawa: duk shekara da bazara sai an rage mata rassa, don a sabon reshe take haihuwa, kuma gindin ba ya daina turo tohonsa na asali. In aka yi sakaci wata biyu, na dajin ya rinjaye ta.

Na Tibiri:
Ku faɗa wa Na Dakoro batun awaki da gara, su ne masu kashewa, ba zafi ba. Sabon tohon magarya akuya ba ta ganin sa ta wuce. Ƙayar da ka sare daga jikinta, ita za ka kewaye ta da ita, ka danne da ƙarfi. Kuma ka kafa sanda ka ɗaure sabon reshen, don iskar farkon damina tana ɓalle aure daga wurin haɗi. Busasshen kara ko ɗanyen taki kada ya taɓa gindi, gara yake kira.

Na Dakoro:
Madalla, Allah ya saka. Saura biyu. Kurna ma za ta karɓa? Sannan ina zan samu reshen, kuma zai iso Dakoro da rai?

Malamin Gona:
Kurna 'yar'uwar magarya ce, ana ɗaura pom-di-Sahel a kanta, amma ka fara da magarya tukuna. Reshe kuwa ka tambayi ma'aikatan gandun daji na wajenku ko tashar binciken noma ta INRAN da ke Tarna su nuna maka masu uwa ta gaskiya.

Baba Mai Garka, Jiratawa:
Ina da gindin Gola bakin rijiya, zan ba ka reshe, ba sai ka biya ba. Amma sai ka aiko mini hoton tohonka na ga ya kai. Ranar da za ka zo, ka riga ka shirya wuƙa da leda can gida. Mu yanka da asuba, mu cire ganye, mu naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma mu sa cikin kula, ba ƙanƙara a jikinshi ba. Ka shiga motar sahe, ka ɗaura da la'asar ko washegari da sassahe. Kada ya wuce kwana biyu a hannunka.

Inna ta Safo:
Baba in za a yanka a sa da ni, guda biyu sun ishe ni. Akwai wata magarya bayan ɗakina da ba ta da zaƙi, ita zan ba wa.